Wai Coca-Cola ne suka ƙirƙiro Fada Kirsimeti?

Sani Mai Firinta: Salam jama'a. Yau a Shomolu ba hutu wlh, tun asuba kalanda da fosta na Kirsimeti muke ta bugawa, sai ga wani kwastoma wai a sa wa Fada Kirsimeti koren kaya saboda kalar shagonsa kore ce, yaron da ke mana zane ya ƙi wai ja ne asalinsa. Na ce masa kai yaro jan ma ai na Coca-Cola ne, su suka ƙirƙiro mutumin don talla.

Alhaji Mile 12: Gaskiyarka Sani. Ja da fari, kalar Coke ce sak, ko makaho ya shafa ya san haka.

Malam Bashir Idi-Araba: Allah ya ƙara girma Alhaji amma ba haka abin yake ba. Coca-Cola sun ɗauki mai zane Haddon Sundblom ne a 1931, ya yi ta zana musu har 1964. Shekara 68 kafin nan, a 1863, wani mai zanen barkwanci Thomas Nast, haifaffen Jamus, ya riga ya zana shi a jaridar Harper's Weekly ta Amurka, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasarsu, ga shi zaune kan keken ƙanƙara yana raba wa sojojin Arewa tsaraba a sansani, rigarsa duk taurarin tuta, wandon kuma ratsi-ratsi.

Alhaji Mile 12: Toh ka gani da bakinka Malam, taurari ka ce ba ja ba.

Malam Bashir Idi-Araba: Bari in ƙarasa mana ranka ya daɗe. A 1881 Nast ɗin ya sake zana shi da ƙaton tumbi da gemu buzu-buzu da doguwar lofe a hannu, ya rungumo kayan wasan yara, wannan siffar ita kowa ya bi. Jan kaya kuma mujallar Puck tana buga shi da su a bangonta tun farkon shekarun 1900, lokacin Sundblom ko gemu bai fara ba.

Maman Joy Obalende: Ku duka kun tsallake tushen fa. Saint Nicholas bishop ne a garin Myra, cikin Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 4, an san shi da kyauta a ɓoye. Mu a coci ba mu ɗauki mai tumbin nan wani abu ba, yara ne ke son shi saboda alewa.

Alhaji Mile 12: Madam na ji. Amma ni ɗan kasuwa ne, wanda ya kai kaya gaban mutane shi ne mai kaya. Waye a Legas ya san wani Nast? Amma allon tallan Coke har ƙauyenmu ya je.

Malam Bashir Idi-Araba: Kenan tumatirin da ake nomawa a Kadawa a loda a tirela ya kwana biyu a hanya, kasuwar Mile 12 ce ta ƙirƙiro shi tunda a nan Yarbawa suke ganinsa?

Alhaji Mile 12: Kai Malam ka bar tumatir a wannan magana 😂

Ummi Agege: Ni abin da ke damuna daban ne Baba Alhaji, ina ɗan taɓa zane a waya, duk Sallah in na nemi hoton da zan tura wa ƙawaye sai fitila da jinjirin wata irin na Larabawa, ba rago ba tuwon Sallah ba dokin hawa. Bara na zana rago an cusa shi a bayan motar danfo daga kasuwar Alaba Rago kansa a waje ta taga kwandasta na riƙe da ƙahonsa, har yau ana turo min shi ba sunana a jiki.

Sani Mai Firinta: Ummi turo min ragon nan da sunanki a ƙasa, in Babbar Sallah ta matso mu gwada shi a kalanda. Kwastoman kuma ya sake kira, ya ce kore ko a mayar masa da kuɗinsa, na ce wa yaron ya canza.

Alhaji Mile 12: In ya zama kore ai na Sprite ne kuma, duk kamfani ɗaya.