Neman shawara: laifin faifan ne ko laifin ɗakina?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka mini, abin nan ya tsaya mini a rai. Ina rubuta sharhi da Hausa kan sabbin faya-fayan jaz da kilasik, saboda 'yan tsirarun mutanenmu da ke zama musamman don sauraro. Ina da ampli, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai wat 60 kowane gefe, da bafle (akwatin sifika) biyu na katako. Gadon kawuna ne, shi ya koya mini sauraro tun ina ƙarami, kuma ko mutanen gida za su shekara suna cewa sun cinye ɗaki, ba zan rabu da su ba. Kwamfuta ke tura kiɗan, wani lokaci ta waya, wani lokaci ta Bluetooth.

Na sauke sabon faifan okestira mai bit 24 da kilohaz 96, wato mai babban ingancin sauti, ya cinye mini fiye da giga ɗaya. Inda kiɗan ya yi laushi ba na jin komai sai wani gurnani a ƙasa. In na ƙara murya, da an kai wurin kakaki da ganguna sai bafle ya nemi tsagewa. A na jaz kuwa, kwantirabas, babban gogen nan mai kaurin murya, na kumbura ya danne piyano. Na rubuta cewa ɗaukar ba ta yi kyau ba, amma hannuna ya ƙi turawa, ina tsoron zaluntar masu aikin. Wani ya ce in sayi DAC, na'urar da ke juya kiɗan kwamfuta ya zama sautin da ampli ke karɓa. In saya, ko in tura sharhin?

Mai gyaran ampli, Marwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka tura, kar ka saya. Ba ka ji faifan ba tukuna, ɗakinka da wutarka ka ji. Ba ka ma faɗi girman ɗakin ba, ko inda baflen suke.

Fara da gurnanin. Wutarmu bolt 220 ce mai haz 50, wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ƙugin nata ne, ko ninkinta, haz 100. Cire duk wayoyin da ke shiga ampli, bar na bafle kaɗai, ka kunna. In ƙugin na nan, ciwon na ciki ne, galibi manyan kondansato masu tace wutar cikin ampli sun bushe saboda tsufa da zafi, sai a canza su da masu ƙarfi ɗaya. In ya ɗauke, mayar da wayar kwamfuta, sannan zare cajarta ta koma kan batir. In ya yi shiru a nan, caja ce ke shigo da shi. Haɗa ampli da kwamfuta a jona ɗaya, ka nisanta wayar sauti da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kar su jeru.

Baban Hajara, Kusiri: Ya karya ƙafa ta uku ta filogin cajar kawai, nan take ƙugin zai mutu. Amma ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu turo kiɗa a WhatsApp wanda suka naɗa da makirfon waya, su ce wai a yi sharhi. Me ya rage a ciki? Mai son a ji aikinsa ya turo ainihin FLAC ɗin, wato fayil ɗin sautin da ba a rage masa komai ba, a matsayin dokuman, ba wanda zai taɓa shi.

Mai gyaran ampli, Marwa: Alhaji, a yi haƙuri, ban yarda da karya ƙafar nan ba. Ita ce ke kai wuta ƙasa in abu ya lalace, in babu ita ta jikin mutum za ta bi. Akwai ƙaramin tiransifoma na raba layin sauti da ake sa wa tsakanin kwamfuta da ampli, shi ne maganin.

Sai batun laushi. Ba aibi ba ne. Masu ɗaukar kilasik da gangan suke barin tazara mai faɗi tsakanin raɗa da tsawa, kamar yadda take a zauren kiɗa. In tsawar ta kai desibel 95 a ma'aunin ƙara a kujerarka, laushin na iya sauka zuwa 45 ko ƙasa. Fanka mai gudu kusa da kai tana iya kai 50. To yaya za a yi ka ji? Sa manhajar auna ƙara a waya, ka duba ɗakin kafin ka kunna komai. Ba ta cika daidai ba, amma za ta nuna maka bambancin fanka a kunne da a kashe.

Ɗan Garwa: Yaya, na gode, amma a Garwa a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40. Wa zai kashe fanka na sa'a guda? Kuma masu karanta ni su ma da fanka suke sauraro, ai gara in faɗa musu abin da za su ji. Bluetooth ɗin ma ni ban ji ya rage komai ba. Baflen suna kusurwa biyu jikin bango, nan kaɗai ke da wuri.

Mai gyaran ampli, Marwa: Ga kumburin kwantirabas ɗinka nan, ka faɗa da bakinka. Kusurwa na ƙara wa ƙananan sautuka ƙarfi, bangon siminti da daɓen karo kuma suna mayar da su. Jawo kowane bafle aƙalla santimita 50 daga bangon baya, ka fitar da shi daga kusurwa. Tsakaninsu mita 2, tsakaninka da kowanne mita 2, ƙaramar sifikar sama daidai kunnenka. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninku, labule a taga. Duba ja da baƙi a bayan bafle, domin in gefe ɗaya ya juye, piyano ba zai tsaya a tsakiya ba. Bluetooth kuwa matse sauti yake yi kafin ya tura, don haka bit 24 ɗinka ba ya isa ampli yadda ka sauke shi. Ka yi sauraron aiki bayan asuba, lokacin da gari ke da sanyi, babura ba su fito ba.

Malamar kiɗa, Ngaundare: Ɗana, ni ina ganin an nitse cikin wayoyi an manta da kiɗan. Nemi belin kunne mai waya, mai rufe kunne, ɗaki da fanka sun fita daga lissafi. Ka saurara sau uku: na farko ba alƙalami, na biyu kana rubuta minti da daƙiƙa na duk abin da ya ja hankalinka, na uku don ɗaukar kanta. A zaman okestira da aka saba, biyolin na farko suna hagu, celo da kwantirabas dama, ka duba ko kowa na wurinsa. A jaz bi farantin mai ganga, ka ji yadda ƙararsa ke mutuwa a hankali ko yankewa take. Faya-fayan ECM, kamfanin da Manfred Eicher ya kafa a Munich a 1969, an san su da barin amsa-kuwwar wuri, wanda bai sani ba sai ya ce sautin ya yi nisa. In za ka kwatanta faifai biyu, daidaita ƙarfin muryarsu tukuna, don mai ƙara kullum shi kunne ke zaɓa. Kuma rubuta kayan da ka saurara da su a ƙasan sharhin.

Mai gyaran ampli, Marwa: Malama, belin kunne na raba hagu da dama fiye da kima, ba zai nuna masa zurfin zaure kamar bafle ba. Ya gyara ɗakin.

Ɗan Garwa: Na zare caja, ƙugin ya ragu amma bai tafi ba. Baflen kam ba za su matsa ba, gado na wurin. Har yanzu ina ganin da sun ɗan ɗaga wuraren laushin da ba su yi laifi ba. DAC ɗin fa, ba wanda ya ce mini ko zai kashe sauran ƙugin.

Baban Hajara, Kusiri: Wane iri aka ce ka saya, mai cin wuta ta USB ko mai cajarsa daban?