Haɗa ufa da amfilifaya a mota: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar da aka yi kan yadda ake haɗa ufa (sifikar da ke fitar da sautin bas) da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a mota ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a fara duba mafi ƙarancin om (ma'aunin turjiyar sifika ga wutar lantarki) da amfilifaya ke ɗauka. In an rubuta 2, kar a ba ta 1. Zafi za ta yi ta ɗauke, ko ta ƙone.

2. Lissafin: ufa biyu masu om 4, in aka jera su, wato mainos na ɗaya ya shiga fulos na ɗayar, sun zama 8. In aka haɗa fulos da fulos, mainos da mainos, sun koma 2. Ufa mai koyil (naɗin wayar da ke cikinta) biyu na om 4 kuwa, ita kaɗai tana ba da 2 ko 8, ba ta ba da 4. Nan ne da yawa suka ruɗe. Mita kan nuna ƙasa da abin da aka rubuta kaɗan, ba lalacewa ba ce.

3. In an haɗe tasha biyu na amfilifaya (mafitar sauti) zuwa ɗaya, yawancin amfilifaya om 4 suke so.

4. A bi wat na RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, a bar babbar lambar jikin kwali. Fis kusa da batir, wayar ƙasa (wayar mainos da ake ɗaura wa jikin mota) gajera a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa.

An rabu a kan om 1. Masu son dukan bas sun ce ya fi ƙarfi. Wasu masu gyara a Apo sun ce da zafin Abuja, but ɗin mota a rufe, om 2 ya fi kwanciyar hankali. Ni ma can na karkata. A kan kafasita (na'urar da ke ajiye wuta ta ɗan lokaci) ma an ja: wasu sun ce tana rage lumshewar fitila, wasu sun ce a gyara batir da altaneta tukuna.