Dokina ya ƙi tsayawa da sakakken linzami, a taimaka

Salam 'yan uwa mahaya, wallahi abin ya ishe ni. Wata uku kenan ina koyon reining, hawan nan na kaboyin Amurka da ake sarrafa doki da hannu ɗaya, linzami a sake. Juyawa kam ya fara gane ta, da na jingina masa igiya a wuya sai ya bi. Matsalar tsayuwar zamiya ce, wato doki ya tsaya daga gudu ƙafafunsa na baya suna zamewa a ƙasa, in na zauna daram a sirdi na ce masa tsaya ko a jikinsa, in na ja kuma sai ya ɗaga kai ya hangame baki ya dafe da ƙafafun gaba maimakon ya shigar da na baya ƙarƙashinsa. Dokin hawan sallah ne, ya saba da linzami mai zafi. In koma ragama ne mu faro daga tafiya, ko dai hannuna ne ke da laifi?