Injiniyanci a ABU ko BUK? Dan Allah waɗanda suka yi ku ba ni shawara

Ɗan_Funtua:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen yayyenmu da suka riga mu shiga jami'a, musamman masu karatun injiniyanci. Na rubuta JAMB bana na samu 238, WAEC ɗina ma alhamdulillah akwai kiredit a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri duk a zama ɗaya. Ni dai tun ina ƙaramar sakandare harkar wutar lantarki nake so, ni ne mai gyaran soket da fanka a gidanmu har maƙwabta kirana suke idan wuta ta yi musu gardama, shi ya sa na cike ABU ɓangaren lantarki a zaɓi na farko. To yanzu Baba ya ce in canza zuwa BUK saboda ƙaninsa yana zaune a Rijiyar Zaki, in zauna a gidansa ba sai an biya kuɗin ɗaki da na abinci ba, wani abokina kuma cewa yake duk mai son injiniyanci na gaske Minna ko Bauchi zai tafi tunda su jami'o'in fasaha ne. Wlh kaina ya kulle. Wacce ta fi? Makin nan nawa zai isa? Kuma ya rayuwar ɗalibi take a can, da gaske ne ɗan injiniyanci ba ya barci?

Tsohon_Samaru:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ABU na yi, ɓangaren kanikanci, saboda haka ka san bakina zai ɗan karkata, amma zan faɗa maka gaskiya iya sanina.

Farko dai maganar "wacce ta fi" ka ajiye ta gefe tukunna, abin da za ka fara tambaya shi ne ina ne za su ɗauke ka a kwas ɗin da kake so. 238 maki ne mai kyau, ba laifi, amma lantarki da gine-gine da kwamfuta su ne kowa ke rububi, kuma ba JAMB kaɗai ake dubawa ba, akwai tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB sannan a haɗa. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya kashi uku ne, kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikin wannan na ƙarshen, to kana da ƙofa fiye da ɗaya. Sai dai ka riƙa leƙa CAPS ɗinka, wato shafin JAMB da ake ganin gurbin da aka ba mutum, a kai a kai, wani lokacin a can za ka ga an mayar da kai wani kwas, in ka karɓa shi ke nan ya zauna.

Ita ABU a 1962 aka kafa ta, kuma karatun injiniyanci a Zariya ya ma girmi jami'ar, tun zamanin kwalejin da aka gina jami'ar a kanta ake yinsa. Amfanin wannan ba wai tsufan gini ba ne, mutane ne. Duk ma'aikatar da ka shiga a ƙasar nan da wuya ka rasa ɗan ABU a ciki, kuma suna jan nasu, ni kaina wurin da na fara aiki wani dattijo ne ya ga takardata ya ce kai ma Samaru ka yi? daga nan hira ta canza.

Rayuwa kuwa, Samaru, wato babbar harabar ABU, gari ne guda a cikin katanga. Ga masallaci ga kasuwa ga filin ƙwallo ga laburaren Kashim Ibrahim, sai ka yi wata guda ba ka fita get ba. Ɗakunan maza akwai su Danfodio da ICSA da Ramat, amma ka sani a kowace jami'ar gwamnati gado ba ya isar kowa, in ba ka samu ba sai ka raɓa da wani ko ka kama ɗaki a cikin Samaru ko Hayin Dogo. Kuma ka tanadi bargo mai kauri, sanyin Zariya a watan Disamba da Janairu ba irin wanda ka sani ba ne, ga lakca ƙarfe bakwai ko takwas na safe.

Batun barci kuma hhh, ana yi mana, amma ba lokacin jarrabawa ba. Shekara biyar ce, ajin farko kusan kimiyya ce zalla, lissafi da fizis da kemistiri, a nan yara ke ruɗuwa su ga ai abin da suka yi a sakandare ne sai su saki jiki. A aji biyu ake gane waye waye, ranar da aka haɗa ka da lissafin injiniya da zanen injiniya, ka kwana a sunkuye kan allon zane saboda layi ɗaya ya karkace an ce ka sake. Ka gina makinka tun ajin farko, don daga baya jan shi sama kamar tura mota ne a hawa.

Injiniya_Ummi:

Ƙanena kar ka yi saurin watsi da maganar Baba. Ni BUK na yi, gine-gine, kuma daga gida na riƙa zuwa duk shekara biyar ɗin. Tsangayar injiniyanci a sabuwar jami'a take, kan titin Gwarzo, daga Rijiyar Zaki kuwa kusa ne sosai, adaidaita ɗaya ce. Waɗanda ke cewa ai sai ka zauna a hostal za ka san rayuwa, ka tambaye su nawa suke kashewa a wata kan abinci kaɗai. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da karatunsu ya lalace ba don daƙiƙanci ba, yunwa ce kawai, mutum ya wuni da garin kwaki da ƙuli sannan a ce ya zauna ya warware lissafin awa uku.

Amma fa zaman gidan dangi shi ma da nasa. Za a aike ka, za a ce kai yara makaranta, baƙi za su zo ana hira a falo kai kana da gwaji gobe, kuma ba ka isa ka ce wa kawunka a'a ba. Abin da na ga maza 'yan ajinmu suna yi shi ne su zauna a gida amma lokacin jarrabawa su tare wajen abokansu a Danbare ko Rimin Gata na sati uku. Tun kafin ka tare ka sa Baba ya yi wa ƙanin nasa wannan bayanin da bakinsa, kar ya zama kai ne ka faɗa.

Wani abu kuma tunda lantarki kake so, Kano gari ne na masana'antu, ga Sharaɗa ga Bompai ga Challawa, ga babbar tashar rarraba wuta ta Kumbotso, ga masu harkar sola ko'ina. Wurin koyon aiki ba zai yi maka wuya ba.

Tsohon_Samaru:

Hajiya Injiniya ai mu ma Kaduna na kusa, ga tashar Mando ga matatar mai, ba a daji muke ba 😄 Kuma daga Funtua zuwa Zariya awa ɗaya ce da 'yan mintuna, in garinsa ya ƙare ranar Juma'a zai je gida ya ɗebo. Amma maganar yunwa kam kin yi gaskiya, ba musu.

Mai_Sifana:

Ni kuma bari in shigo ta wata ƙofar da ba wanda ya taɓa. Duk inda za ka je, ka bincika ko kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta COREN, kwas ɗin fa nake nufi ba jami'ar ba, don jami'a ɗaya za ta iya samun amincewa a kanikanci ta rasa a wani sabon sashen da ta buɗe. COREN ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma a doka sai wanda ta yi wa rajista ne zai saka Engr. a gaban sunansa, shi ma sai bayan ka gama ka yi wasu shekaru kana aiki. Tsofaffin sassa irin lantarki a manyan jami'o'in nan galibi ba a samun matsala, amma duba ɗin ba ya cin komai.

Na biyu, kar ka ɗauka in ba ka samu bana ba duniya ta tashi. Ni ban samu ba karon farko, sai na tafi kwalejin fasaha na yi difloma ta shekara biyu, na yi shekara guda ta koyon aiki, sannan na shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wlh da muka shiga ɗakin gwaji 'yan ajinmu da suka zo ta JAMB wasu ba su taɓa riƙe mita ba, ni nake nuna musu inda ake soka waya, su kuma suna koya min lissafi da daddare, haka muka yi ta musaya har muka fita. Akwai kuma IJMB, jarrabawar da ake yi bayan karatun share fage, ita ma tana kai mutum aji biyu, kai da ma a garinku ABU take da makarantar share fage, ka fi ni sanin wurin.

Abin da ya fi ci min rai a jami'ar da na yi, ba zan kama suna ba, akwai wata na'ura a ɗakin gwajinmu da tun da muka shiga har muka fita a lulluɓe take, sai dai a tara mu a ce ga yadda take aiki da tana aiki, mu kwafi sakamakon 'yan shekarun baya mu rubuta rahoto. To in ka dogara da aji kaɗai haka za ka fito da takarda hannunka bai san komai ba. Inda ake zama injiniya shi ne SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, wata shida cur a zango na biyu na aji huɗu. Yara da yawa suna neman ofis mai sanyi inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta, kai kar ka yi haka, ka nemi wurin da za ka sha rana, inda za a ba ka sifana da fulaya, ko da ba a biyanka ko sisi. Aikin da nake ci da shi yau na sola ne, kuma a wannan wata shidan na koye shi wajen wani mutum da ko sakandare bai gama ba.

Ɗan_Gidan_Kwano:

Tunda an ambaci Minna bari in ce wani abu. Abokinka bai yi ƙarya ba amma ya ƙara gishiri. FUT Minna a 1983 aka kafa ta, tana da Bosso da Gidan Kwano, injiniyanci a Gidan Kwano yake kan hanyar Bida, wajen gari. Daɗinta kusan kowa a makarantar ɗan kimiyya ne ko fasaha, hirar ma ta daban ce, yara da yawa sun koyi rubuta manhaja a ɗaki tun kafin a koyar a aji, kuma za ka zauna da Nufawa da Gwarawa da Yarbawa da Ibo, Turancinka zai buɗe ko ba ka so. Ga Shiroro da Kainji da Zungeru duk a jihar Neja suke, ga mai son harkar samar da wuta. Sai dai zafi, Minna a watan Maris sai wanda ya gani. Kuma kuɗin mota daga Funtua ka lissafa shi sau nawa a shekara. ATBU ta Bauchi ma tana da suna a injiniyanci har da na man fetur, amma ban zauna can ba bare in ce maka ga yadda take. Digirin dai duk ɗaya ne, wanda zai ɗauke ka aiki abin da ka iya zai tambaya.

Malam_Na_Bayan_Aji:

Duk kun manta ku gaya masa shekara biyar ɗin a takarda take. Mu yajin aikin ASUU na 2020 ya ci mana kusan wata tara ga korona, na 2022 kuma daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas muna gida. Duk waɗannan da kuka lissafa na tarayya ne, in an tafi tare ake tafiya. Saboda haka yaro ka riƙe gyaran fankar nan taka da kyau, in an rufe makaranta ka samu shagon mai wayarin ka laƙe masa. Sannan akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, in kuɗin rajista ya gagara ka nema, ka kuma bi tallafin karatu na jiharku ko da ba ya zuwa a kan lokaci. Kwamfuta kuma ko ta hannu ce ka fara tari tun yanzu, daga aji uku ba ka da makawa.

Ɗan_Funtua:

Kai, Allah ya saka muku da alheri yayyena, na gode ƙwarai. Jiya bayan isha na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, wurin maganar aike da kai yara makaranta har dariya ya yi ya ce Injiniya ta san ƙaninsa ne? Yanzu dai mun tsaya a kan zan je Kano ranar Asabar in kwana biyu a gidan kawu in shiga sabuwar jami'ar in gani da idona, in dawo ta Zariya in leƙa Samaru, sannan mu yanke kafin a rufe canjin makaranta. Yaya Mai_Sifana dan Allah a ina ake duba amincewar COREN ɗin, a shafinsu na intanet ne ko sai na je sashen na tambaya? Kuma Anti Ummi, in na canza zuwa BUK sai na sake yin rajistar tantancewarsu daban ko?

Injiniya_Ummi:

Eh sai ka yi tasu daban, kowace jami'a da tata, kuma sai canjin ya fito a shafinka na JAMB tukunna. Ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita ka yi, kar ka ba wa mai shagon kwamfuta na bakin titi lambobinka. In ka shiga makarantar ranar Asabar ba za ka samu kowa a ofis ba fa, ka bari sai Litinin.