Raspberry Pi 3 ɗina tana daskarewa, ku taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya bar mini wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 3 Model B, irin ta 2016. Ya saye ta ne don aikin makaranta, bai ƙarasa ba, aure ya zo, ta yi shekaru a durowa tana shan ƙura. Burina in koyi tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, kuma ta zame mana sabar gida, wato ma'ajiyar hotunan iyali, don wayar Mama ta cika. Na sa mata Nextcloud, manhajar adana fayiloli, amma da an fara tura hotuna sai ta daskare, ga alamar walƙiya a kusurwar allo. Hankalina a tashe yake, don na riga na ce wa Mama ta fara goge na wayarta.

Injiniya: Ƙanena, walƙiyar nan wuta ce ba ta ishe ta ba. Bolt 5, amfiya 2.5 take so. Cajar waya ka sa mata, ko ba haka ba? Sannan RAM ɗinta, wato memorin da take aiki da shi, gigabait 1 ne kacal, Nextcloud ya fi ƙarfinta. Sa Raspberry Pi OS Lite, tsarin da rubutu kawai ake ba shi umarni, ka shiga ta SSH, wato ka sarrafa ta daga wata kwamfuta, ka ɗora Samba, manhajar raba fayiloli tsakanin na'urorin gida. Magana ta ƙare.

Wata 'yar uwa: Ni katin memori ne ya cuce ni. Aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, katin ya lalace, hotunan ɗana duk suka tafi. Har yau abin na ci mini rai. Don Allah ka hana Mama gogewa.

Wani mamba: Nextcloud na tafiya a tawa, sai dai a hankali. Ka bar shi, ka ƙara faifan ajiya ta USB.

Injiniya: Faifan ma wuta zai ja. Kuma a wannan samfurin kafar intanet, mai megabit 100, hanya ɗaya suke bi da USB 2.0. Sai Pi 4 ta 2019 aka raba su.

Mai tambaya: Na gode yallaɓai, amma cajar mai kyau ce, ba ta taɓa ba ni matsala a waya ba. Samba kuma Mama ba za ta iya ba, manhaja take so a wayarta.

Injiniya: Kana son koyo, kana gudun baƙin allon rubuta umarni?

Wata 'yar uwa: Ka dai yi wa Mama magana?

Mai tambaya: Zan yi. Idan na sauya katin, za ta daina daskarewar?