Bayan gidana ya zama fadama: wa ya taɓa dasa alder?

Daga Manchester: Salamu alaikum 'yan'uwa. Filin bayan gidanmu ƙasar laka ce, daga Nuwamba har Maris ruwa kwance yake, sai da takalmin roba ake shiga. Tuffar da na dasa ta ruɓe tun daga saiwa. Wani dattijo maƙwabcina ya ce in nemi bishiyar da ake kira alder. Don Allah wanda ya taɓa zama da ita ya faɗa min gaskiyarta.

Daga Sikotland: Wa alaikumus salam. Malam, dattijon bai ɓatar da kai ba. Aikin dashe nake yi a bakin rafuka, kuma ita muke sawa inda sauran itatuwa suka ƙi. In ka tone ƙaramar, za ka ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwan lemo manne da saiwa. Ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Frankia suke zaune a ciki, suna janyo sinadarin nitrojin daga iska su ba ta. Ka san yadda gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo? To haka take gyara ƙasa, ba ta neman taki a wurinka. Rana take so, ba ta jure inuwa ko kaɗan. Ka dasa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ba ta da ganye. Amma ka nisanta ta da gini da bututun ruwa, don tana haura mita 20, saiwarta kuma bin danshi take.

Daga Berlin: Ni dai ƙanina, ka fara tambayar mutanen gidanka ko akwai mai atishawar bazara. Akwai bishiyoyin alder jere a bakin magudanar unguwarmu. Tun Fabrairu, kafin ganye ya fito, furenta ke reto yana zubar da gari rawaya, ni kuwa ido ya yi ja, hanci ya toshe. Kyau kam akwai shi, wanda ya shiga kwalekwale a Spreewald, dajin rafukan da ke kusa da Berlin, ya gani. Da hunturu kuma ƙananan tsuntsaye na dandazo kan busassun 'ya'yanta.

Daga Poland: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan icenta muka sani. Da shi ake ƙyafe kifi, hayaƙinsa ba ɗaci, kifin ya fito jawur. Na gwada da kaza, yara suka cinye tas. Ranar da na fara ganin an sare ta na yi mamaki: icen fari, kafin a jima ya koma ja-ja. Sai dai kada ka yi shinge da shi, ruwa da rana na cinye shi da wuri. A cikin ruwa tsundum ne yake daɗewa, shi ya sa yana cikin turakun da birnin Venis na Italiya ke zaune a kai.

Daga Leeds: Bari in ɗan saɓa muku. Na dasa don ta shanye min ruwa, amma da hunturu, daidai lokacin da ruwan ke kwanciya, ba ganye a jikinta, ba abin da take sha. Jure ruwan take yi, ba korarsa ba. Sai da na haƙa lambatu filin ya taku. Da rani kam wurin ya fi bushewa.

Daga Sikotland: Gaskiyarka, Alhaji. Ƙari biyu. Akwai cutar da aka gano a Birtaniya a 1993, tana kashe su a bakin koguna. Alamarta baƙin tabo kamar kwalta a gindi, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, don haka a sayi dashe a wurin da aka yarda da shi. Sannan ku na Manchester kuna da wani buzuzu shuɗi mai ƙyalli da ya sake ɓulla a yankinku a 2004. Zai huhhuda ganyen har ka tsorata, amma da wuya ya kashe babbar bishiya. In ta fi ƙarfin filin, ka sare ta daga gindi da hunturu, za ta tofo da rassa da yawa.