Muhawara: Shin zaman shawara da iyali ya cancanci kuɗinsa ga matasan da ke ji wa kansu ciwo?

Malam Habu: A ganina, binciken SHIFT da aka yi a Ingila aka wallafa a 2018 ya raba gardama. An kasa matasa 832 'yan shekara 11 zuwa 17 gida biyu, wasu aka zaunar da su da iyalansu gaban ƙwararre, sauran aka bar su kan kulawar da aka saba. Bayan wata 18, kashi 28 cikin ɗari na masu zaman iyali sun koma asibiti saboda sun sake ji wa kansu ciwo, ɗaya ɓangaren kuwa kashi 25. Tunda ya fi tsada, bai kuma rage komawa asibiti ba, da wace hujja za a kashe masa kuɗi?

Hajiya Binta: Malam, lissafin naka a ƙofar asibiti ya tsaya. Yarinyar da ke ɓoye tabonta da dogon hannun riga ko ana zafi ba ta shiga wannan ƙidaya ba, haka ma uwar da ke kwana ba ta runtsa ba tana sauraren motsi daga ɗakin 'yarta. Masu binciken da kansu sun nuna cewa idan aka sa lafiyar iyaye cikin lissafi, kuɗin yana kusantar iyakar da hukumar NICE, mai tantance ko magani ya cancanci kuɗinsa a Ingila, ke amincewa da ita a lokacin, wato fam 20,000 zuwa 30,000 kan kowace shekara ta ingantacciyar lafiya.

Dakta Amina: Akwai abin da ya kamata a lura da shi, Malam Habu. Waɗanda aka bari kan kulawar da aka saba su ma ganin ƙwararru suke yi, saboda haka magani biyu aka gwada, ba magani da rashinsa ba. Sannan a birnin Oslo na Norway, gwajin wani salon zaman shawara mai suna DBT na mako 19 da aka wallafa a 2014, inda ake koya wa matashi da iyayensa yadda za su jure ɓacin rai, ya rage yawan ji wa kai ciwo.

Malam Habu: Na yarda da gyaranki na farko, Dakta. Amma matasa 77 kaɗai aka gwada a Oslo, kuma horar da masu ba da DBT yana cin kuɗi da lokaci.

Hajiya Binta: To a faɗaɗa gwajin, amma a ƙidaya iyaye tun daga farko, domin su ne ke tare da yaron bayan an tashi daga asibiti.